Shaidun Kogi

Ranar da na fara ƙirga tsuntsaye a ƙauyenmu, kafin azahar an gurfanar da ni gaban mai gari. Wasu samari ne masu ban ruwa a fadama suka hango ni a raɓe jikin wata giyayya, riƙe da madubin hangen nesa, ina leƙawa ina latsa waya. A irin zamanin da muke ciki ba mai ganin laifinsu, domin baƙon da ke leƙen gari daga nesa ba kasafai yake zuwa da alheri ba. Sai da aka zaunar da ni a zaure, mai gari ya ɗago kai ya dube ni, sannan ya ce, "Ashe jikanmu ne na birni. Me ya kai ka laɓe a fadama kamar mai haƙon gada?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsaye nake ƙirgawa."

Zaure ya kaure da dariya. Wani dattijo ya tambaye ni ko abin da aka shekara huɗu ana koya mini a jami'a ke nan. Mutum ɗaya ne bai dara ba, shi ne Baffana, ƙanen mahaifina, wanda a kakar da ta gabata jan baki ya sauka a gonarsa ta shinkafa, ya bar masa kara da ƙaiƙayi. Da muka fito sai ya ce da ni, "Idan ka gama ƙirga su, ka zo ka ƙirga mini buhunan da suka ci." Ban ba shi amsa ba a ranar, domin ba ni da ita.

Ƙauyenmu na gabas da Haɗeja, a cikin dausayin da ya miƙa har Nguru da Gashuwa. Ruwan da muke sha, muke su a ciki, muke noma da shi, kusan duk ba a sararin samaniyarmu ya zubo ba. Ruwan sama ne da ya sauka a kudancin Kano da yammacinta, ya bi kogin Kano da kogin Calawa, suka haɗu kafin Wudil, suka gangaro suka zama kogin Haɗeja. Ta kudu kuma kogin Jama'are ya taso daga tsaunukan Jos. Da kogunan biyu suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu mai jigayi, sai suka rarrabu rassa-rassa, suka malale cikin fadamu da tafkuna, kafin abin da ya rage ya sake haɗuwa a wajen Gashuwa, ya zama kogin Yobe, ya wuce Gaidam, ya bi iyakar Nijar ta wajen Difa, ya nufi tafkin Cadi. Duk faɗin ƙasar da ruwanta ke tararowa cikin kogi ɗaya, shi masana ke kira kwarin kogi. Ma'anarsa a wurinmu mai sauƙi ce: abin da aka yi wa ruwa a Kano, mu za mu gan shi a ƙofar gida.

Kakana masunci ne tun yana ɗan shekara goma. Bai san kalmar kwarin kogi ba, amma ina ƙarami na ga yana karanta kogi kamar yadda alaramma ke karanta allo, kuma yawancin baƙaƙen da yake karantawa masu fikafikai ne. Idan shamuwa ta dawo ta fara gyara sheƙa a kan kukar bayan masallaci, sai ya sa a fito da kalli da birgi a fara ɗinki, domin damina ta matso. Idan ya ga zalɓe ya kafe a wata gaɓa kwana biyu a jere, ya san ƙananan kifi sun taru a nan, manya kuma na biye da su. Akwai wani ɗan tsuntsu mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fikafikai kafin ya faɗa ruwa ya cafko kifi. Kaka yakan ce inda duk ka gan shi ruwan wurin a buɗe yake kuma idonsa garau, tunda mai farauta da ido ba ya zama inda ba ya ganin ƙasa. Da hunturu kuwa, idan ruwa ya fara ja da baya ya bar laka, sai baƙin agwagi da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu su sauka dubbai. Yakan ce daga ƙasar Turawa suke, ni kuma in ɗauka wasan kaka da jika yake yi mini.

Sai da na shiga jami'a ina karatun ilimin halittu na gano gaskiya ya faɗa. Waɗannan baƙi daga Turai da Rasha suke tasowa, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, kuma dausayi irin namu na cikin wuraren farko da suke samun ruwa bayan rairayi. Saboda su da sauran halittun wurin ne aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a shekarar 2000, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Na yi mamakin yadda sunan wurin da nake wanka ina yaro ya shiga takardun duniya, alhali mutanen da ke zaune a bakinsa ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da suka gani.

Abin da suka gani kuwa yana da yawa. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka kammala ta Calawa. Ba zan yi butulci ba: da ruwansu birnin Kano ke sha, da shi ake noman rani a Kadawa da Kura, ni kaina na ci tumatir da shinkafar wuraren. Amma kogin da kakana ya sani mai numfashi ne. Yakan cika ya tumbatsa a ƙarshen damina, ya shanye fadamu, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Sannan ya ja da baya da rani har wasu rassan su bushe ƙaf, a shuka wake da alkama a danshin da ya bari, makiyaya su shigo da shanu. Da aka datse shi, sai cikar ta ragu, bushewar ma ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da kacala ke so. Wannan doguwar ciyawa, wadda a da bushewar rani ke karya lagonta, sai ta samu wurin zama. Ta cika mashigai, ta tare yashi da laka, ta toshe hanyar jirgi. Ruwan da ya rasa hanyarsa ta asali ya karkata inda ya samu, wasu garuruwa suka yi ta fama da ambaliya, wasu kuma a ƙasa da su suna kallon busasshen rafi. Cikin kacalar sauro ya samu gida, haka ma dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Haka kuma jan baki.

Wannan ita ce amsar da ban iya ba Baffa ba a ƙofar zauren mai gari, domin a lokacin ban haɗa zaren ba tukuna.

Abin da ya mayar da ni fadama da madubi shi ne wani aiki da na sani tun ina ɗalibi. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda a 2015 ta ƙaddamar da aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. Tsarinsa bai da wuya. An yanka taswirar ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Mai sa kai zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana zagaya wurare daban-daban, ya rubuta kowane irin tsuntsu da ya gani ko ya ji kukansa, cikin kwanakin da ba su wuce biyar ba, sannan ya aika jerin ta wata manhajar waya mai suna BirdLasser. Ba a neman digiri. Cikin waɗanda na taɓa fita da su akwai ɗalibai, da malamin firamare, da wata mai ɗinki. Irin wannan shi ake kira kimiyyar jama'a, wato binciken da talakawa ke tattara bayanansa, masana su tace su auna. Bayan na gama bautar ƙasa, na dawo gida ina jiran aikin da bai zo ba, sai na ga gara in riƙa cika gidan da ƙauyenmu ya faɗa ciki, da in zauna a dakali ina ƙirga motoci.

Da farko ni kaina ina shakkar amfanin abin. Me jerin sunayen tsuntsaye daga wani ƙauye zai tsinana? Labari ɗaya ne ya sauya mini tunani. A Ingila akwai masu sa kai da suka saba ƙirga tsuntsayen gonaki da dazuzzuka kowace shekara. A 1969 sai suka lura wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke zuwa musu da bazararsu, fiye da rabinsa bai dawo ba. Ba a sauya komai a gonakinsu ba. Da masana suka bi diddigi, sai suka gano a yankinmu na Sahel yake yin hunturu, kuma ƙarancin ruwan saman 1968 ne ya halaka shi, wato somin farin da ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970, wadda tsofaffinmu har yau ke ba da labarinta da ƙaramar murya. Mutanen da ba su taɓa taka ƙasarmu ba sun ga alamar masifarmu a littafin ƙirgarsu. Abin da ya ba su wannan dama shi ne sun rubuta na bara da na bara waccan, suna da abin kwatantawa. Mu da abin ya faɗa wa, muna da idanu da tunani, ba mu da rubutu.

Na shekara biyu ina fita, akasari da asuba, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a jirgin wani abokina masunci. Darasin farko da na koya ya saɓa wa abin da na zata. Na ɗauka yawan tsuntsaye shi ne lafiyar wuri. Da haka ne, da mashigin da ke bayan ƙauyenmu ya fi ko'ina lafiya, domin da magariba jan baki kan rufe samansa kamar hayaƙi, belbelu kuma su yi fari fat a kan kacala. Amma idan na duba jerina na wurin, gajere ne, kuma kusan iri ɗaya kullum: masu son duhuwar ciyawa, masu cin ƙwayar hatsi, da masu bin shanu. Ɗan baƙi da farin nan mai faɗa wa kifi ba ya cikinsa. Babu tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke taka ganyen bado kamar yana tafiya a tabarma, domin badon kansa kacala ta kore shi. Masu dogayen ƙafafu da ke tsintar tsutsa a laka ba su da inda za su sauka, tunda babu sauran gaɓa mai laka. Tafiyar awa ɗaya zuwa wani tafki da har yanzu yake cika yana janyewa, sai jerin ya ninka: kirinjijiya, dinya, jinjimi, zalɓe iri-iri, da baƙin hunturu. Kowane ɗayansu yana da abin da yake nema. Wani kifi, wani ƙwayar bado, wani laka, wani buɗaɗɗen ruwa. Idan suka hallara, shaida ce cewa duk waɗannan abubuwa na nan. Idan ɗaya ya ɓace, sai ka tambayi abincinsa ina ya tafi.

A nan ne na fahimci hikimar amfani da tsuntsu wajen auna ruwa. Gwajin ruwa a ɗakin bincike yana buƙatar kwalabe da sinadarai da kuɗin mota, kuma abin da zai gaya maka shi ne halin ruwan a sa'ar da aka ɗebo shi. Tsuntsu kuwa a nan yake kwana yake tashi, yana cin kifin da ya ci ƙwaron da ya rayu a cikin lakar, saboda haka zamansa ko ƙaurarsa hukunci ne a kan watanni. Ga shi kuma a fili, yaro ma yana iya ganinsa.

Sai dai shaidar tsuntsu tana da iyaka, kuma wanda ya ɓoye wannan ya cuci aikin. Tsuntsu ba zai faɗa maka sunan gubar da ke cikin ruwan da masana'antun jima na Kano ke zubarwa ba. Wannan sai ɗakin bincike. Ba kuma kowace ɓacewa ce laifin kogi ba. Baƙon hunturu na iya raguwa saboda abin da ya same shi a Turai ko a hanya. Ungulu ta yi ƙaranci a kasuwanninmu da mahautanmu saboda guba da masu farautar sassan jikinta, ba don ruwa ba. Mu masu ƙirgar ma muna da namu rauni. Mukan bi inda hanya take da kyau da inda hankali ke kwance, mu bar wuraren da tsoro ya hana shiga, sai taswira ta nuna kamar babu tsuntsu a can, alhali mutum ne babu. Na taɓa aika sunan wani tsuntsu da na rantse na gani, masu tantancewa suka dawo mini da tambaya, na koma na duba, ashe ɗan'uwansa ne mai kama da shi. Na ji kunya, amma na ƙara yarda da tsarin, tunda akwai mai cewa a sake dubawa.

Wata rana da yamma na tarar da Baffa a bakin gona yana gyara igiyoyin da ake rataya gwangwanaye don korar tsuntsu. 'Ya'yansa biyu sun yi makonni ba su je makaranta ba, suna kan rumfar tsaro tun asuba suna ihu da jifa. Na zauna na taya shi ɗauri, sannan na ce, "Baffa, da kuna yara, a ina jan baki yake kwana?"

Ya yi shiru, ya ce a da sai dai ya zo daga nesa, ya yi ɓarnarsa ya wuce, wata shekarar ma ba a ganinsa.

"Yanzu fa?"

Ya nuna mashigi da haɓa. Bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban ƙara ba. Shi ya fi ni sanin shekarar da kacala ta rufe wurin, ya kuma san tun yaushe tsuntsun ya zama maƙwabci. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ɗora ɗayan a kan ɗayan, ya kuma ɗora su duka a kan yadda ake sakin ruwa daga wani wuri mai nisan da bai taɓa zuwa ba. Feshin magani ta jirgin sama na kashe na bana, har da waɗanda ba su ci shinkafar kowa ba, amma muddin makwancin na nan, na baɗi na tafe. Kafin in tashi ya ce, "To, wannan rubutun naka, wa yake karantawa?" Tambaya ce mai nauyi. Na gaya masa gaskiya: yana shiga rumbun da kowane mai bincike zai iya dubawa, amma ba ni da tabbacin mai buɗe ƙofar madatsa zai duba. Abin da na sani shi ne, duk ranar da aka zauna rabon ruwa, mai noman rani zai zo da lissafin kadadarsa, birni zai zo da lissafin famfunansa, mu kuma in ba mu tanadi namu ba, da baki kawai za mu je.

Wannan magana ce ta sa na koma wurin Kaka da littafi. Idanunsa sun yi rauni yanzu, ba ya fita sai zaure. Jerina na shekara biyu ne kacal, nasa na shekara saba'in ne, kuma ba shi da kwafi. Na riƙa kunna masa kukan tsuntsaye a waya, shi kuma yana faɗa mini sunan kowanne, da inda yake sauka, da watan zuwansa, da lokacin da ya daina ganinsa. Ba ya ƙirga shekaru da lamba, sai ya ce "kafin Tiga", ko "shekarar da aka haifi ubanka", ni kuma in mayar da su lissafi gwargwadon iko. Wasu sunayen da ya faɗa ban same su a kowane littafi ba. Yakan tsokane ni ya ce, "Kai ɗan boko, wayarka ta san kuka, amma ba ta san abin da ake wa kukan ba." Manhajar ba ta da gurbin da za a saka abin da wani tsoho ya gani shekara hamsin da suka wuce, saboda haka wannan littafin daban na ajiye shi, na kuma fara yin irinsa da wasu tsofaffin masunta biyu.

Da na kunna masa kukan gauraka, sai ya ɗaga hannu ya ce in tsayar. Ya ce a da garkensu kan sauka a fadamar gabas bayan an girbe shinkafa, suna rawa suna buɗe fikafikai, kuma mutanen gari ba sa taɓa su. Gauraka ita ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, amma yau da wuya ka gan ta a dajin ƙasar nan; bushewar fadamu ta rage mata wurin ƙwai, masu kamawa kuma suka kwashe saura zuwa gidajen masu hali. Ni ban taɓa ganinta a sake ba, sai a bayan waya a gidan ajiye namun daji.

A ranin da ya wuce mutanen ƙauyenmu da na ƙauyuka biyu na kusa suka yi gayya, suka shiga mashigi da lauje da adda, ruwa har ƙirji, suna yanke kacala a ƙarƙashin ruwa domin ta ruɓe. Ba jerina ne ya sa su ba. Hanyar jirgi suke nema, kuma sun san za ta sake tsirowa. Amma mai gari ya aiko a ce mini in je in duba ko "mutanena" sun dawo. Samari biyu daga cikin waɗanda suka kai ni zaure suka ce za su raka ni, ɗaya ya riƙe madubi, ɗaya yana tuƙi. Mako uku bayan yankan, a kan wani kara da ya saura a tsakiyar buɗaɗɗen ruwan, muka ga ɗan baƙi da farin nan a zaune. Ya tashi, ya tsaya cak a iska, ya faɗa, ya fito da ƙawara a baki. Na rubuta shi da kwanan wata da sa'a.

Da na dawo na ba Kaka labari, ya gyaɗa kai, ya tambayi ta wace gaɓa, na faɗa masa. Ya ce nan ne dama wurinsu tun da. Sannan ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata ya ce, "Gauraka fa?"

Na ce, "Ba ta zo ba, Kaka."

Ya ce, "To, rubuta cewa ba ta zo ba."